Na je ban same shi ba

Akwai jimlar da na tsana a wurin aiki fiye da kowace, kuma duk wanda ya taɓa riƙe yara a ƙarƙashinsa a garin nan ya san ta: "Na je ban same shi ba."

Ka aiki mutum Sharaɗa da hantsi ya karɓo takardar da in ba ta zo yau ba motar kaya ba za ta tashi ba. Ka ba shi kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa. Sai bayan la'asar ya shigo yana share gumi, ya rusuna ya ce ya je bai same shi ba. Ka kira shi a waya? Ai ba shi da lambarsa. Ka tambayi maigadi inda ya nufa? A'a. Babu wani a ofishin da zai sa hannu a madadinsa? Bai tambaya ba. To me ya hana ka kirana tun kana can? Sai ya sunkuyar da kai. Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba, bai ci kuɗin mota ba, zuwa kam ya je. A fahimtarsa an aike shi ne ya je, ya kuwa je. Takardar da ake nema ba ta shiga lissafinsa ba.

Wanda ya yi mini haka a ranar da nake ba da labari, shi ne ya zo na ɗaya a intabiyun da muka yi wata biyu kafin nan. Mu huɗu ne a bayan tebur, a wani kamfanin rarraba kayan masarufi da na yi wa aiki shekaru, kuma ba zan ɗora wa kowa laifi ba, don ni ma maki mai kauri na ba shi. Ya zo cikin kwat da taye a zafin watan Afrilu, Turanci a bakinsa kamar ruwa, kwalaye a jere cikin fayil. Muka ce ya ba mu tarihinsa, ya bayar. Muka ce ina yake hangen kansa nan da shekara biyar, ya ce a kujerar manaja, muka yi dariyar jin daɗi. Muka ce mene ne rauninsa, ya ce shi dai ya cika son aiki har yakan manta da cin abinci. Wannan amsa sai da na ji ta daga bakin mutum uku a yinin nan, kusan kalma da kalma, da alama bidiyo ɗaya suka kalla a YouTube. Wani daga cikinmu ya rufe da tambayar sunayen ministoci, ya jero su tas. Muka shafe minti ashirin da shi, babu wanda ya tambaye shi abu guda da ya taɓa kai wa ƙarshe da hannunsa.

Ra'ayina shi ne yawancin intabiyun da ake yi a Kano, a kamfanoni da makarantun kuɗi da asibitocin kuɗi, sutura yake aunawa da Turanci da iya tsayuwa gaban manya. Ban raina su ba, amma babu ɗaya cikinsu da zai dawo maka da takarda daga Sharaɗa. Wanda ake biyan albashi dominsa shi ne mutumin da in hanya ta toshe zai nemi wata, kuma ba ya samun sukuni sai ya ga ƙarshen abin da aka damƙa masa. A taƙaice, mai dabara kuma mai naci. Ana iya hango alamun wannan a zama ɗaya, sai dai ba da irin tambayoyinmu ba.

Abin mamaki, garin nan ya fi kowa sanin yadda ake gwada mutum. Shiga Kantin Kwari ko Singa ko Ƙofar Ruwa ka tambayi kowane Alhaji yadda ya gane yaron da ya damƙa wa makullin shago. Ba zai ce maka sun zauna a tebur ba. Da aike ya gane shi. Da farko a aike shi sayo abinci, a ga ko zai miƙo canji ba a tambaye shi ba. Daga nan a ba shi dila ya kai tasha, a ga ko zai tsaya sai an ɗora a mota ya karɓo lambar direba, ko kuwa zai bar ta a hannun ɗan kamasho ya juyo abinsa. Sai a tura shi karɓo bashi wurin mutumin da duk layin an san taurin bashinsa. Ubangidan ya san ba lallai kuɗi su fito ba, so yake ya ji da wace magana yaron zai dawo. Wanda ya ce, "Alhaji, ya ce Alhamis, na ce masa zan zo ƙarfe goma, ƙaninsa ma yana wurin ya ji," daban yake da wanda ya ce, "Ya ce babu." Haka za a yi shekara biyu, uku, ana gwaji ba a kira shi gwaji ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma kasuwa ba ta taɓa mantawa da haka ba.

Matsalar ita ce kamfani ba shi da shekara uku. Rabin awa gare shi, ga mutum arba'in a layi. Aikin mai intabiyu ke nan ya samo hanyar da zai aiki mutum alhali yana zaune a gabansa. Mu kuwa da muka aro tsarin ofis daga Turawa, ɓawon muka ɗauka, tebur da kwat da tambayoyin hadda, su masu abin kuma sun daɗe da gano cewa hirar sha-ka-tafi ba ta nuna ma'aikaci. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Frank Schmidt da John Hunter, suka tattara binciken shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata. Daga cikin abin da suka gano, ba mutum samfurin aikin ya yi a gani, da intabiyu mai tsari wanda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya ana ba da maki, sun fi hirar da mai tambaya ke bin duk abin da ya faɗo masa a rai nuna yadda mutum zai yi aiki. Yawan shekarun da aka yi a makaranta kuwa can ƙasan jerin ya faɗo. Kamfanin Google ma, wanda ya yi suna da tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa irin su ƙwallo nawa za ta cika jirgin sama, shugaban sashen ma'aikatansa na lokacin, Laszlo Bock, ya fito a 2013 ya ce ɓata lokaci ne kawai, amfaninsu bai wuce mai tambayar ya ji shi ma gwani ne ba. Duk wanda ya taɓa zama a kwamiti tare da mai tambayar sunayen ministoci ya san abin da mutumin yake nufi.

Ba ma sai mun je Amurka ba. A Suratul Ƙasas, lokacin da ɗaya daga cikin matan nan biyu na Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa (AS) aiki, hujjarta ita ce mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi kuma amintacce. Ana yawan kawo ayar a wa'azi, ni kuwa abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ta samo shaidarta. A bakin rijiya ta samo ta. Baƙo ne da ya sha tafiya, ya tarar da jama'a suna shayar da dabbobinsu, mata biyu a gefe suna tsare da nasu. Bai wuce ba, bai kuma afka wa abin da bai sani ba. Ya tambaye su abin da ke faruwa, suka faɗa masa, ya shayar musu, ya koma inuwa. Babu wanda ya sa shi.

Sai hadisin Mu'azu ɗan Jabal da duk ɗalibin fiƙihu ya sani, ko da yake malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa. Da za a tura shi Yaman, Manzon Allah (SAW) ya tambaye shi da me zai yi hukunci. Ya ce da Littafin Allah. In ba ka samu ba fa? Ya ce da Sunna. In ba ka samu ba fa? Ya ce zai yi ijtihadi, kuma ba zai yi sakaci ba. A duk zaman intabiyun da na yi ban ji tambayar da ta kai wannan ba: in ba ka samu ba fa? Amsar farko kowa ya iya ta, a ta biyu da ta uku ake sanin mutum. Da mun yi wa saurayin nan mai kwat ita sau biyu a jere, da tun a ranar mun ji shirun da muka ji bayan wata biyu.

Tun daga nan na canza salon tambayata. Rabin lokacin nakan ba abin da mutum ya riga ya yi a baya. Sai in ce, "Ba ni labarin wata rana da aka ba ka aiki, abin ya cije, kuma ba kowa a kusa da za ka tambaya." In yi shiru in saurara. In ya gama sai in fara tono. Wa ka fara kira? Me ya ce maka? Nawa ne kuɗin? Da wancan bai yiwu ba sai ka yi yaya? A ƙarshe an samu ko ba a samu ba? Wanda abin ya faru da shi da gaske daɗin tonon yake ji, yana ta tuno ƙananan abubuwa, layin da ya bi, ruwan da aka tafka ranar, baƙar maganar da direba ya gaya masa. Wanda ya haddato labari kuwa daga tambaya ta uku yake fara kame-kame, ya koma zancen sama-sama a kan haɗin kai da sadaukarwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ba sai ka tsare mutum da ido ko ka ɗaga masa murya ba.

Amma akwai wani tarko a nan wanda namu ne na gida, ba za ka same shi a littafin Bature ba. An tarbiyyantar da mu a kan yabon kai jahilci ne. Yaron da ya tashi a gidan mutunci a Kano ba zai kalli idon sa'an mahaifinsa ya ce ni na yi, ni na gyara ba. Zai ce "muka yi," "Allah Ya taimaka aka samu," "aka dai lallaɓa." Mace ma ta fi haka. Mai intabiyun da ya ɗauki sunkuyar da kai rashin ƙwazo, ya ɗauki ƙarfin murya himma, zai yi ta kwasar masu baki yana zubar da masu aiki, kuma ba zai taɓa sanin asarar da ya yi ba, tun da waɗanda ya zubar ba sa dawowa su nuna masa. Sai ka taimaki mutum ka zaro shi daga cikin "mu" ɗin nan a hankali, ba tare da ka sa shi jin yana fariya ba.

Wata yarinya ta taɓa zuwa neman aikin karɓar kuɗi da bin bashi a wurinmu. Takardarta ba komai sai difloma mai zurfi da bautar ƙasa. Na ce ta ba ni labarin wata matsala da ta warware a wurin aiki, ta ce, "Yallaɓai, ni ban taɓa aiki ba." Abokin zamana har ya fara rufe fayil. Sai na ce mata, lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da aka canza fasalin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu ɗaya, mutane na kwana a layin banki, ku yaya kuka yi a gidanku? Ta ce mahaifiyarta ƙosai da kunu take sayarwa, masu saye sun koma tiransifa, mai wake kuma ya ce shi sai tsaba. "Sai muka samu hanya," in ji ta. Na ce wace hanya? Ta ce 'yan adaidaita sahun unguwarsu suna samun 'yan tsabar kuɗi a hannun fasinja, iyayen gidansu kuma ba su damu ba ko ta waya aka tura musu balas. Sai suka riƙa karɓar tsabar a hannun matuƙan da yamma, su tura wa masu mashin ɗin ta waya, a ƙara wa matuƙi da ƙosan safe kyauta. Na ce wa ya fara kawo shawarar? Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni ce, amma Mama ce ta yarda." Wa ya je ya yi magana da su? Ita. Wa ke rubuta lissafin? Ita, a littafin makaranta. An taɓa samun matsala? Ta ce sau ɗaya kuɗi sun fita daga asusunta ba su shiga wa mai mashin ba, ya ce shi bai ga alat ba. Ta ranto ta biya shi a ranar don kada matuƙin ya shiga uku, sannan ta yi kwana uku tana sammakon banki har aka dawo mata da kuɗinta. Wannan ce fa ta ce ba ta taɓa aiki ba.

Matasanmu da yawa haka suke. Wani ya riƙe shagon POS, wata ta riƙe adashin mata talatin ba a taɓa jin kanta da kowa ba, wani shi ya yi jinyar mahaifinsa wata biyu yana bin layin kati da na magani da na jini, wani ya noma gonar gado da kuɗin aro ya biya. Ba sa rubuta wannan a takardar neman aiki, don an koya musu cewa abin da ba a yi shi a ofis ba ba ƙwarewa ba ne. In ba ka tambaya ba, ba za ka ji ba.

Ɗaya rabin lokacin kuma aike ne a zaune. In mai kula da sito ake nema, a ba shi shafi biyu na littafin sito da rasit biyar da ba su dace da juna ba, a ba shi biro da minti goma. In malami ne, ga alli ga aji. In kuwa aikin na kai-komo ne, sai in ɗora masa matsala irin wadda ke faruwa da mu kullum: ƙarfe huɗu na yammacin Alhamis, motar da ta ɗauko kaya ta lalace a Kwanar Ɗangora, kwastoma a Singa ya riga ya biya kuma ya ce kafin a tashi Juma'a yake son kayansa, wayar manaja a kashe. Abin da nake saurare da farko shi ne ko zai yi tambaya. Na ƙwarai yakan ce wane irin kaya ne, me ya lalace a motar, akwai ragowar irinsa a sito, nawa aka yarda in kashe ba tare da izini ba. Duk hanyar da ya kawo sai in toshe ta. Babu wata motar. Makanike ya ce sai gobe. Na sito rabi ne. Wasu a toshewa ta biyu suke cewa sai a jira manaja ya kunna waya. Wasu suna kai wa ta huɗu suna nema, har su ce a kai rabin da ke sito yau, a kira kwastoma a gaya masa gaskiyar abin da ya faru kafin ya ji a bakin wani. Wanda ya tuna da kiran kwastoma ba tare da na ankarar da shi ba, nakan ja layi a ƙarƙashin sunansa.

Kuma don Allah, in aikin da Hausa za a yi shi, a bar mutum ya yi tunaninsa da Hausa. Mai kula da sito a Bompai daga safe zuwa dare da leburori da direbobi yake magana. A gwada Turancinsa daban, a ba shi rasit ya karanta, ya rubuta rahoton layi biyar. Amma a tilasta masa warware matsalar mota da Turanci, sannan a ce ba shi da basira don ya yi in'ina, wannan zalunci ne, kuma kamfanin ne ke asara.

Naci kansa yana da haɗari in ba a haɗa shi da ɗaya rabin ayar nan ta Suratul Ƙasas ba, wato amana. Akwai masu kawo sakamako ta kowace hanya. A yanka musu abin da 'yan banki da 'yan talla ke kira taget, su cika shi ta hanyar yi wa kwastoma alƙawarin da kamfani ba zai iya cikawa ba, ko su tura wa mai shago kayan da kwanansu ya kusa ƙarewa, ko su miƙa na goro inda bai kamata ba. A wata uku na farko su ne taurari, a na shida ka fara biyan bashin da suka ci da sunanka. Shi ya sa nakan tambayi mutum ko ya taɓa kasa cika abin da aka nema a gare shi, da kuma abin da ya gaya wa wanda ya sa shi. Wanda ya ce bai taɓa kasawa ba tsoro yake ba ni. Wanda kuma ya ba ni labarin yadda ya yi wa wani wayo yana dariya, na san gobe ni ne wanin.

Na san abin da mai karatu zai ce, don an sha faɗa mini: Malam, wace duniya kake? Aiki a ƙasar nan da hanya ake samu, intabiyu cika sharaɗi ne, tun kafin a buga talla an rubuta sunaye. Ban musa ba. Ba mu manta da watan Maris na 2014 ba, lokacin da aka tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa don guraben hukumar shige da fice da ba su kai 5,000 ba, bayan an karɓi naira 1,000 a hannun kowa, aka yi turmutsitsi mutum fiye da goma suka rasu. A 2023 ma sai da Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken sayar da guraben aiki a ma'aikatun tarayya. Inda ake sayar da gurbi babu tambayar da za ta gyara komai. Ni da masu ɗaukar aiki da kuɗin aljihunsu nake magana, mai makaranta da mai masana'antar ruwan leda da mai kantin magani, waɗanda in ma'aikaci ya zama nauyi su ne za su ɗauka.

Su ma suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Wani Alhaji ya taɓa ce mini, "Ni ɗan wanda na sani nake ɗauka, in ya ci mini kuɗi na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa." Gaskiya ne, a ƙasar da shari'ar cin amana kan ɗauki shekaru, mai tsaya wa mutum ba abin wasa ba ne. Sai dai sanin gidan su yaro amana kawai yake lamunce maka, ita ma rabi-rabi, bai ce komai a kan iyawa ba. Ko shaidar ma sai an tona ta. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya yabi mutum a gabansa ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa mu'amalar kuɗi. Da ya ce a'a, sai ya ce masa to ba ka san shi ba. Mu kuwa takarda ake kawo mana daga wani babba mai cewa "yaron kirki ne, yana gaishe ni kullum," mu ce ya fara ranar Litinin. A karɓi ɗan aboki, babu laifi, amma ya zauna a kujerar da kowa ya zauna, a ba shi rasit ɗin nan biyar.

Sauran gyaran na 'yan kwamiti ne. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Kowa ya rubuta makinsa a takardarsa kafin a buɗe baki, domin a Kano in mai gida ya riga ya ce "yaron nan ya burge ni," an gama, babu ƙaramin ma'aikacin da zai ce shi bai burge shi ba. A daina kiran mutane ƙarfe takwas a fara ganinsu bayan azahar, suna tsaye a rana da fayil a ka. A kuma daina ɓata mintunan mace da tambayar yaushe za ta yi aure, alhali ba a tambaye ta ko lissafi ɗaya ba.

Yarinyar nan ta ƙosai mun ɗauke ta, kuma wata huɗu ba a ji kanta ba sai alheri, basussukan da aka fid da rai da su ma ta fara tatsowa. Ran nan motar wani babban kwastoma daga Haɗeja ta iso dab da tashi, leburori sun fara wanke hannu, manaja yana wurin jana'iza wayarsa a kashe, mai kamfanin kuma yana jirgi. In motar ta kwana sai an biya direba kuɗin kwana, kwastoman kuma ya riga ya yi ƙorafi sau biyu. Ta roƙi leburori su tsaya, ta cire 'yan dubbai daga kuɗin kashewa na ofis ta ƙara musu, ta rubuta a littafi ta sa hannu, mota ta tashi kafin isha. Washegari ta kai wa mai kamfanin littafin da kanta. Bai tambayi nawa aka tsira da shi ba. A gaban akanta da masinja da leburori biyu ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya sa ki?"

Ta ba da haƙuri. Ina wurin, kuma ban ce komai ba, abin da har yau yake damuna. Bayan kamar mako biyu ina kan hanyar Zariya wayata ta yi ƙara, na ga ita ce, na gangara gefen titi na ɗauka don na zaci wani abu ne babba. Ta gaishe ni, ta ce, "Yallaɓai, biron rubuta rasit ya ƙare. A sayo, ko a jira ka dawo?"